Sinima, Dandalin Intanet ko Faifai: Wace Hanyar Kallo ce Ta Dace da Kai?

Wanda ya ɗauki kallon fim da muhimmanci, wato wanda yake son ya gama kallo ya iya cewa wannan aiki ya yi kyau ko bai yi ba, kuma ya kawo dalili, wata rana sai ya tsinci kansa yana lissafin inda kuɗinsa ke tafiya. Ga tikitin sinima, ga kuɗin wata-wata na dandalin intanet ɗaya ko biyu ko uku, ga hayar fim guda ko sayensa ta intanet, ga faifai ga wanda har yanzu yake da na'urar kunna shi, sannan ga tashoshin kyauta waɗanda talla ke ɗauke da nauyinsu. Ba kowa ne zai iya riƙe duka biyar ba, kuma babu buƙatar hakan. Abin da ke rikita mutane shi ne dukansu suna cewa fim suke sayarwa, alhali hajarsu ta bambanta ƙwarai. Gidan sinima zama ɗaya yake sayar maka, dandalin wata-wata aron rumbunsa yake ba ka na kwana talatin, faifai ne kaɗai ke miƙa maka kwafin da zai ci gaba da zama a hannunka. Wanda bai gane wannan bambanci ba yakan biya kuɗin mallaka a kan abin haya, ko kuma ya tara kayan da kallo ɗaya kawai zai yi musu.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko kuɗi ne, amma kuɗin gaba ɗaya, ba wanda aka rubuta a talla kaɗai ba. Kallo ta intanet yana cin data, kuma Netflix da kansa ya bayyana cewa awa ɗaya tana iya cin har gigabait 1 a matsakaicin hoto, har gigabait 3 a hoton HD, har gigabait 7 a hoton 4K. Wanda ke sayen data da awo, fim ɗaya mai tsawon awa biyu a HD zai iya lashe masa gigabait 6, kuma wannan yana cikin farashin fim ɗin ko an so ko an ƙi. Haka faifai yana buƙatar na'ura, sinima kuma tana buƙatar zuwa da dawowa.

Na biyu shi ne abin da ke cikin rumbun, domin hanyar da ta ƙware a sababbin fina-finai sau da yawa ba ta da komai na tsofaffi. Na uku ɗorewa: fim ɗin da ka gani yau, za ka same shi a wuri ɗaya bayan shekara biyar? Na huɗu sauƙin amfani, na biyar kuma haɗarin asara, ko ta kuɗi ko ta lokaci ko ta na'ura.

Na bar ɗaya a ƙarshe domin shi ne aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi shafar mai son yanke hukunci, wato amincin kwafin: shin abin da ke kan allonka shi ne abin da darakta ya yi? Kafin 1953 yawancin fina-finai an ɗauke su ne a fasali mai kama da murabba'i, faɗinsa 1.37 idan tsayinsa 1. A shekarar 1953 aka shigo da tsarin CinemaScope mai faɗi sosai, talabijin na yau kuma yana tsakanin biyun, a kan 16:9. Don haka tsohon fim na gaskiya dole ya bar baƙin fili a dama da hagu na allon zamani, mai faɗi kuma ya bar shi sama da ƙasa. Idan ka ga tsohon shiri ya cika allo taf, to akwai yiwuwar an datse shi ko an miƙe shi. Lokacin da aka buɗe Disney+ a 2019, an saka tsofaffin zangunan shirin The Simpsons a datse don su cika allo, har wasu abubuwan dariya da ke saman hoton suka ɓace, sai a watan Mayun 2020 aka ba masu kallo damar komawa ga fasalin asali. Wanda ya kalli kwafin da aka datse sannan ya ce mai ɗaukar hoton bai iya tsara mutane a cikin hoto ba, ya zalunci mutumin da bai yi laifi ba.

Gidan sinima

Idan aka auna da fim ɗaya-ɗaya, sinima ce mafi tsada, kuma kuɗin yana ninkuwa da yawan mutanen da suka je, saɓanin sauran hanyoyin da gida guda ke kallo da biya ɗaya. Abin da ake samu a madadin haka shi ne kwafi mafi cika. Ƙa'idar majigin dijital na sinima ta yarda bayanan hoto su kai megabit 250 a daƙiƙa, adadin da babu dandalin gida da ke kusantarsa, sannan an haɗa sautin fim ɗin tun farko domin ɗaki irin wannan. Akwai kuma wata fa'ida da ba ta shafi na'ura ba. A sinima babu tsayarwa, babu waiwayar waya kowane minti biyar, don haka mutum yana jin tafiyar fim ɗin kamar yadda mai tacewa ya yanka shi. Fim mai tafiyar hawainiya wanda a gida za a ce ya cika ja, a cikin duhun sinima sau da yawa ake gane cewa jinkirin da gangan ne.

Ta fuskar sabon fim, nan ne yake fara sauka, sai dai wannan fifiko ya ragu. Kafin 2020 al'adar kasuwar Amurka ita ce fim ya yi kusan kwana 90 a sinima kafin ya isa gida. A watan Yulin 2020 kamfanin Universal da gidajen sinimar AMC suka amince da kwana 17, daga baya kuma manyan kamfanoni da dama suka tsaya a kan kusan kwana 45. Ma'ana, mai haƙurin wata biyu yanzu ba ya rasa komai sai girman allo da kuma shiga hirar mutane tun da zafinta.

Tsohon fim kuwa ba ya samun gurbi a nan sai a lokuta na musamman, kamar bikin Il Cinema Ritrovato da ake yi kowace shekara a Bologna ta Italiya, ko sashen tsofaffin fina-finai na bikin Cannes a Faransa. Fim mai dogon zango ba shi da wuri sam. Ɗorewa babu, domin kana fita shi ke nan. Haɗarinsa shi ne ka biya kafin ka gani, kuma ingancin ya dogara da gidan: majigi mai dusasshen haske ko maƙwabcin kujera mai surutu suna iya rushe duk fifikon da aka lissafa.

Dandalin biyan wata-wata

Netflix ya fara ne a 1997 a matsayin kamfanin hayar faifan DVD ta gidan waya, ya shiga nuna fim kai tsaye ta intanet a 2007, sannan a Janairun 2016 ya buɗe a ƙarin ƙasashe 130 rana ɗaya. Prime Video ya bazu duniya a ƙarshen wannan shekarar, Disney+ ya biyo baya a Nuwamban 2019. Tun daga nan wannan hanya ta zama ita ce ta yawancin masu kallo, kuma dalilin a fili yake. Wanda ke kallon awa talatin a wata, idan ya raba kuɗin watan da awoyin, babu wata halattacciyar hanya ta biya da ta kai wannan araha. Wanda kuma ya kalli fim biyu kacal a watan ya biya kuɗi iri ɗaya, don haka arahar tana ga yawan kallo.

A fim mai dogon zango babu mai ja da ita. Dandali yana tuna inda ka tsaya, yana da fassarar rubutu a ƙasan allo cikin harsuna da yawa, yana aiki a waya da talabijin da kwamfuta, kuma manyan sababbin shirye-shirye da yawa nan kaɗai suke fitowa. A sauƙi ita ce ta farko da tazara.

Rauninta ya fi bayyana ga mai neman tsohon fim. Manyan dandamali sun karkata ga abin da aka yi a 'yan shekarun nan da kuma abin da suka shirya da kansu, don haka wanda ke son bin ayyukan wani darakta na shekarun 1950 ko 1960 ɗaya bayan ɗaya zai sami guda a nan, guda a can, sauran babu. Rumbun kuma yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda lasisin nunawa ƙasa-ƙasa ake sayar da shi. Akwai ƙananan dandamali da suka keɓe kansu ga zaɓaɓɓun fina-finai, irin su MUBI, da kuma Criterion Channel wanda aka buɗe a 2019, amma shi na biyun a Amurka da Kanada kawai yake aiki.

Batun ɗorewa shi ne inda ya kamata a fi buɗe ido. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma duk abin da ke dandali na aro ne. Lasisi yana ƙarewa, fim ya tafi. Ni kaina na taɓa kai wa tsakiyar zango na uku na wani tsohon shiri a wani dandali, na yi tafiya ta mako biyu, da na dawo ko hotonsa babu a jerin abin da nake kallo, kuma babu wanda zan tambaya. Da ana zaton abin da dandali ya shirya da kansa ba ya taɓuwa, sai HBO Max ya cire shirinsa Westworld a Disamban 2022, Disney+ kuma ya cire gomman shirye-shirye da fina-finai a Mayun 2023, cikinsu har da nasa na kansa. Ko abin da ka sauke a waya don kallo ba tare da intanet ba yana da wa'adi, kuma yana mutuwa da mutuwar rajistarka. Sharuɗɗan ma suna canzawa a hannun kamfani kaɗai: Netflix ya shigo da tsari mai talla a Nuwamban 2022, a 2023 kuma ya tsaurara kan raba asusu da waɗanda ba gida ɗaya ake zaune ba.

Hoton yana da kyau, amma matsatse ne. Netflix yana ba da shawarar intanet mai gudun megabit 5 a daƙiƙa don cikakken HD da megabit 15 don 4K, wanda ke nuna yawan bayanan da ake zubarwa kafin hoton ya iso. A fili mai haske ido ba ya lura. A duba fage na dare kuwa, inda jarumi ke tafiya cikin hazo da fitila ɗaya a hannu: maimakon duhu ya narke a hankali daga toka-toka zuwa baƙi, sai a ga ya rabu layi-layi kamar matakala, wani lokaci da ƙananan murabba'ai suna motsi a bango. Idan intanet ta yi rauni, dandali yana rage ingancin da kansa ba tare da sanarwa ba. Haɗarin kuɗi ɗaya ne amma mai naci, wato sabuntawar da ke cire kuɗi da kanta kowane wata, ko an kalla ko ba a kalla ba, sai kuma haɗarin lokaci, na shirin da aka soke bayan zango biyu ba tare da ƙarshe ba.

Haya ko saye ta intanet

Waɗannan abubuwa biyu ne a shago ɗaya, kuma hukuncina a kansu ya saɓa. Haya, kamar yadda Apple da Amazon da YouTube ke yi, yawanci tana ba mutum kwana 30 ya fara kallo, da awa 48 ya gama bayan ya fara. Ciniki ne mai tsabta, ka san abin da ka biya da ranar da zai ƙare. Rumbun haya kuma ya fi na wata-wata faɗi nesa ba kusa ba, domin kamfanin da ba ya son ba da tsohon fim ɗinsa ga dandalin wani yana yarda a ba da hayarsa. Sabon fim ma yakan iso nan kafin ya shiga dandalin wata-wata, ko da yake da tsada a makonnin farko. Ga mai kallon fim biyu ko uku a wata, wanda kuma ya san ainihin abin da yake nema, wannan hanya ta fi riƙe rajistar da ba a amfani da ita.

Saye kuwa sunansa ya fi shi girma. Abin da ake saya lasisin kallo ne, a cikin manhajar kamfanin, muddin kamfanin yana da izinin ci gaba da nunawa. A ƙarshen Agustan 2022 masu amfani da PlayStation, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sony, a Jamus da Ostiriya sun rasa fina-finan kamfanin StudioCanal da suka riga suka biya kuɗin sayensu. A Disamban 2023 Sony ya sanar da irin wannan game da shirye-shiryen kamfanin talabijin na Discovery, sai dai ya janye bayan an sabunta yarjejeniya. Lamarin ya kai jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2024 da ke tilasta wa irin waɗannan shaguna su bayyana wa mai saye ƙarara cewa lasisi yake karɓa. Gaskiya ne yawancin waɗanda suka saya ba su taɓa rasa komai ba, amma ba za ka iya ba da aronsa ko ka sake sayar da shi ba, kuma ingancin hotonsa na matsatsen intanet ne.

Faifai

DVD ya fito a Japan a 1996, Amurka a 1997, yana ɗaukar gigabait 4.7 a shimfiɗa ɗaya, hotonsa kuma layi 480 ne ko 576, wato yawan layukan da ke haɗa hoton daga sama zuwa ƙasa. A babban talabijin na zamani laushinsa yana nunawa, amma har yanzu shi ne mafi faɗin rumbu a cikin faifai, kuma akwai tsofaffin fina-finai da shirye-shiryen talabijin masu yawa da ba su taɓa wuce shi ba. Blu-ray ya zo a 2006 da gigabait 25 ko 50 da layi 1080, hotonsa yana iya kai wa megabit 40 a daƙiƙa. A kwatanta wannan da megabit 5 da dandali ke nema don hoto mai layi iri ɗaya. Ko da yake dabarun matse hoto na yanzu sun fi na 2006 ƙwarewa, tazarar ba ta rufe ba, kuma fagen daren nan da aka ambata shi ne shaida. Sautin Blu-ray ma yawanci ba a zubar da komai daga cikinsa ba. Ultra HD Blu-ray na 2016, mai gigabait 66 ko 100, shi ne mafi kusa da sinima a cikin duk abin da talaka da mai kuɗi za su iya ajiyewa a gida.

Ga mai nazari, faifai yana da wani abu da sauran ba su cika damuwa da shi ba: sharhin darakta a kan fim ɗin yana tafiya, fagagen da aka cire, bayanin yadda aka gyara tsohon kwafi, wani lokaci har da nau'i biyu na fim ɗaya. Kamfanoni irin su Criterion, wanda aka kafa a 1984, a kan wannan suka gina sunansu. Yawancin aikin ceto tsofaffin fina-finai, kamar na gidauniyar Film Foundation da darakta Martin Scorsese ya kafa a 1990, wadda a 2017 ta shiga wani shiri na gyara fina-finan Afirka tare da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka, a faifai ne ɗan kallo na gida yake samun mafi kyawun sakamakonsa. Kuma abin da ke kan faifai ba ya canzawa. Babu wanda zai shigo cikin dare ya yanke wani fage ko ya sauya waƙa saboda lasisinta ya ƙare.

Kuɗinsa a gaba yake: na'ura, sannan kowane fim da farashinsa. Amma ba ya cin data, ana kallonsa sau ashirin a kan biya ɗaya, ana ba da aro, ana sayen na hannu da rahusa, ana kuma sake sayarwa. Wahalarsa ma ba ɓoyayya ba ce. Yana son wurin ajiya, yana karcewa, kuma akwai kullen yanki: DVD ya kasa duniya gida shida, Blu-ray gida uku, A da B da C, don haka faifan da aka saya don Amurka yana iya ƙin kunnuwa a na'urar Turai ko Afirka. Ultra HD Blu-ray ba shi da wannan kulle. Ɗorewarsa mai tsawo ce idan an kiyaye shi daga zafi da danshi, amma ba ta har abada ba. A 2025 Warner Bros. ya amince cewa wasu faifan DVD da ya buga tsakanin 2006 da 2008 suna lalacewa da kansu. Babban abin damuwa shi ne kasuwar tana tsukewa. Netflix ya aika faifansa na ƙarshe a Satumban 2023, babban shagon Best Buy na Amurka ya daina sayar da fina-finai a faifai a 2024, Samsung da LG kuma sun janye daga ƙera sababbin na'urorin kunna faifai. Abin da ya ɗan sassauta lamarin shi ne na'urorin wasa Xbox Series X da PlayStation 5 masu ramin faifai duka suna kunna Blu-ray har da na 4K. Sannan yawancin shirye-shiryen da dandamali suka yi da kansu ba sa fitowa a faifai ko kaɗan.

Hanyoyin kyauta

YouTube yana da halattattun tashoshi na kamfanoni da masu shirya fim, akwai dandamali masu talla irin su Tubi da Pluto TV a ƙasashen da suke aiki, akwai tashoshin talabijin, akwai kuma Internet Archive, rumbun adana tsofaffin abubuwa na kyauta a intanet. Ga fim mai tsufa sosai wannan hanya tana da amfani na musamman, domin a Amurka haƙƙin mallakar fina-finan wancan zamani yana faɗuwa bayan shekara 95, shi ya sa na 1928 suka zama na kowa ranar 1 ga Janairun 2024. Abin da ya tsira daga zamanin kaɗan ne: binciken da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka marasa sauti sun ɓace gaba ɗaya. Sai dai araha ba ta ado. Fim ɗaya yana iya samun kwafi goma, tara daga cikinsu dusassu, an datse, ko suna gudu fiye da kima, talla kuma tana faɗowa a tsakiyar magana.

Shafukan satar fasaha ba sa cikin zaɓin da zan auna. Ban da tauye haƙƙin waɗanda suka yi aikin da saɓa doka, suna ɗauke da manhajoji masu cutar da na'ura, kuma kwafin da aka ɗauka da kyamara daga allon sinima ba abin da za a gina hukunci a kansa ba ne.

| Hanya | Kuɗi | Sabon fim | Tsohon fim | Inganci | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Sinima | Mafi tsada a kan fim ɗaya | Nan yake farawa | Da wuya | Mafi girma, in gidan na da kyau | Zama ɗaya | Sai an je, a kan lokaci | Biya kafin gani |
| Wata-wata | Araha ga mai yawan kallo, ga data | Bayan makonni ko watanni | Kaɗan, a warwatse | Mai kyau, matsatse | Babu tabbas | Mafi sauƙi | Cire fim, cire kuɗi kowane wata |
| Haya | Matsakaici, ga data | Da wuri | Da yawa | Mai kyau, matsatse | Awa 48 | Mai sauƙi | Wa'adi ya ƙare ba a gama ba |
| Saye ta intanet | Kusa da na faifai | Da wuri | Da yawa | Mai kyau, matsatse | Yana hannun kamfani | Mai sauƙi | Janye lasisi |
| Faifai | Tsada a farko, babu data | Bayan watanni | Mafi yawa | Mafi kyau a gida | Shekaru masu yawa | Sai na'ura da wurin ajiya | Karcewa, kullen yanki, jabu |
| Kyauta | Data da talla | Ba safai ba | Da yawa, gauraye | Ba tabbas | Babu tabbas | Mai sauƙi | Mummunan kwafi |

Abu biyu kafin a biya

Mutane da yawa suna duba maki kafin su kashe kuɗi, don gudun cinikin biri a sama, kuma yana da kyau a san abin da makin ke nufi. Kason Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara ra'ayoyin masu sharhin fim, ba matsakaicin maki ba ne, adadin masu sharhin da suka ce fim ɗin ya yi ne. Fim ɗin da kowa ya ce ba laifi yana iya samun kashi 95, wanda ya raba kan masu sharhi saboda ƙarfin halinsa kuma ya tsaya a 60. Makin shafin IMDb na 1 zuwa 10 na 'yan kallo ne, kuma tsohon fim yakan sami ƙuri'ar waɗanda suka neme shi da kansu saboda suna son irinsa, sabo kuma ta kowa da kowa, don haka jera makinsu kafaɗa da kafaɗa yaudarar kai ce.

Na biyu, kowace hanya aka zaɓa a gida, a duba saitin talabijin. Ana ɗaukar fim ne hoto 24 a daƙiƙa, amma talabijin da yawa suna zuwa da saitin da ke ƙirƙiro ƙarin hotuna a tsakani don motsi ya yi santsi, abin da ke sa fim mai tsada ya yi kama da wanda aka ɗauka da kyamarar bikin gida. A kashe shi, ko a zaɓi Filmmaker Mode, saitin da ke nuna fim yadda aka shirya shi, idan akwai. Wannan gyara na minti ɗaya ya fi sauya dandali tasiri a kan abin da ido zai gani.

Wa ya dace da wacce

Wanda yawancin kallonsa fim mai dogon zango ne, kuma yana da intanet marar awo, dandalin wata-wata ɗaya ya ishe shi. Dabarar ita ce kada ya riƙe uku a lokaci guda: ya biya ɗaya, ya kalli abin da ya kai shi, ya soke, ya koma wani, tun da yawancinsu ba sa ɗaure mutum fiye da wata. Wanda datarsa ke da awo ya rage ingancin hoto a saitin manhaja idan a waya yake kallo, ko ya sauke a inda ya sami intanet mai yalwa, domin a ƙaramin allo bambancin HD da matsakaicin hoto bai kai ninki ukun data ba.

Mai kallo jefi-jefi, fim biyu ko uku a wata, haya ta fi masa. Mai bin sababbin fina-finai don ya yi sharhi tun ana maganarsu ba shi da makawa daga sinima, amma ko shi zai iya keɓe ta ga fina-finan da girman hoto da sauti ke cikin ma'anarsu, ya jira ƙananan labarai na cikin ɗaki su iso haya bayan makonni shida ko bakwai. Mai son tsofaffin fina-finai, da ɗalibin da ke son tsayar da fage ya maimaita shi sau biyar, faifai ne nasu, tare da haya don gwaji: a yi hayar fim sau ɗaya, idan bayan wata guda har yanzu yana dawowa a rai, a nemi Blu-ray ɗinsa, a kuma duba harafin yankin da ke bayan kwalin kafin a biya. Saye ta intanet zan bar shi ga yanayi ɗaya kawai, wato fim ɗin da yara ke maimaitawa kowane mako a na'urori daban-daban, ko wanda aka yi wa rahusa har farashinsa ya yi kusa da na haya biyu.